HAYAƘIN SABO DA KUKAN DAJI: WA YA CE TATTALIN WUTA BA NA TALAKA BA NE?

Duk wanda ya taɓa kwana a Agege ko Idi-Araba cikin Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Sabo ta Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, ya san abin da yakan fara tarbar mutum da asuba tun kafin a shiga salla. Hayaƙi ne. Mai shayi ya hura wutarsa, mai koko da ƙosai ta hura tata, matan gida sun jera murahu a bakin ƙofofin ɗakuna, ga kuma ɗan injin wutar da ya kwana yana kuka a bayan taga bai gama fesar da nasa ba. Kafin rana ta ɗaga unguwa ta turnuƙe, yara suna tari, idanun mata sun kaɗa sun yi ja wur. Da yake an daɗe ana haka, an daina ganin abin a matsayin illa, sai ka ce wani yanki ne na halittar gari.

Amma fa wannan hayaƙi ba a banza yake tashi ba. Kuɗin da ɗan dako ya samu da gumin goshinsa ne ke bin iska, tare da lafiyar matarsa, tare kuma da itatuwan dajin da ko inuwarsu bai taɓa sha ba.

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin wasu masu ganin kansu wayayyu, wai batun tattalin wuta a gida da kiyaye muhalli zancen Turawa ne da 'yan boko masu ƙoshi, wai talakan da ke neman na tuwon dare ba ruwansa da shi. Wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai cutarwa, domin waɗanda suka fi yaɗa ta su ne ke cin moriyar ɓarnar. Babu wanda ɓarnar wuta ta fi yi wa illa kamar talakan da ke zaune a ɗaki ɗaya na haya, kuma babu wanda tattalinta zai fi yi wa amfani kamarsa. Ga dalilai, filla-filla.

LISSAFIN MURHU

A fara da murhun duwatsu uku, wanda aka gada tun kaka da kakanni. Masana da suka auna shi sun tarar cewa daga cikin zafin da itace ke bayarwa, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kaɗai ke shiga tukunya. Saura duk iska ke kwashewa. Watau macen da ta sayi itacen Naira 1,000, abin da ya dafa mata tuwo bai wuce na Naira 150 ba, ragowar kuwa ta ɗumama sararin samaniya da shi ne, ta kuma shaƙi hayaƙinsa kyauta. Da a ce wani ɗan kasuwa ne yake karɓar kuɗin mudu goma yana auna mata mudu ɗaya da rabi, da tuni an kai ƙararsa gaban Sarkin Kasuwa. To amma da yake murhu ne ke yin wannan ha'inci, kowa ya yi shiru.

Gawayi kuwa, wanda a yanzu ya sami karɓuwa a birane saboda ƙarancin hayaƙinsa, ɓarnarsa tun daga daji take farawa. A irin ƙunar gargajiya da ake yi, inda akan tara gungume a rufe da ƙasa a cinna wuta, sai an ƙone kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Sa'an nan a zo a zuba wannan gawayi a kurfotin langa-langa marar rufi, ya sake zubar da mafi yawan zafinsa ta gefe. An yi asara sau biyu ke nan kafin ruwan tukunya ya tafasa.

Masu ƙuna kuma ba kowane icce suke so ba. Mai tauri suke nema, irin su kirya da marke, kuma idan waɗannan suka yi wuya sai gatari ya koma kan kaɗanya da ɗorawa. Manyan motocin da ke shigowa Ikko da Badun shaƙe da buhunan gawayi, yawancinsu daga dazuzzukan Oke-Ogun na Jihar Oyo suke fitowa, da na Kwara, da na Neja. Kaɗanyar da za ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ta soma 'ya'ya, wadda matan ƙauye ke samun man kaɗe da kuɗin cefane daga gare ta, rana ɗaya ake kayar da ita don buhunan da ba za su yi wata guda a unguwa ba. Ɗorawar da ke ba da kalwar daddawa ita ma haka.

Ina dalilin da ya sa mutanen birni suka koma ga gawayi bayan da dama sun rabu da shi? Ba sha'awa ba ce. Risho ne abin girkin talakan birni shekara da shekaru. Tun a tsakiyar shekarun 1990, sa'ad da kananzir ya yi ɓatan dabo, aka soma ganin murhun nan da jama'a suka laƙaba wa sunan Abacha. A 2016 aka janye tallafin kananzir, kuma kafin 2023 ta ƙare lita ɗaya ta haura Naira 1,000. Tukunyar gas mai kilo 12 da rabi ita ma cikonta ya haura Naira 15,000 a ƙarshen 2024. Da aka toshe wa talaka ƙofa biyu, sai ya bi ta ukun, watau daji.

ABIN DA HUHU KE BIYA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 ne suka mutu a duniya sakamakon gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda tushenta shi ne girki da itace da gawayi da kananzir da makamantansu. Ciwon huhu na yara, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da tarin da ba ya jin magani, duk suna cikin lissafin. Su wa ke zaune gaban murhu awa uku ko huɗu kullum? Mata ne, da jariran da ke goye a bayansu. Maigida ya fita kasuwa ko tasha tun da safe, ba shi ke shaƙa ba, shi ya sa bai ga gaggawar abin ba.

A gidajen haya na Kudu lamarin ya fi muni, domin babu filin tsakar gida irin na Arewa. Ɗakuna ne a jere suna fuskantar juna, da ɗan siririn lungu a tsakiya, kuma idan ruwan sama ya tsuge, wanda a Ikko da Fatakwal ba ya jin kiran sunansa, a cikin wannan lungu ko a cikin ɗaki ake girki. Gawayi kuma mugu ne mai shiru. Yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, wadda in ta taru a rufaffen ɗaki takan sa mutum barcin da ba a farkawa. Irin wannan iska ce ɗan injin nan da 'yan Kudu ke yi wa kirari da "na fi maƙwabcina" yake fitarwa. Sau nawa aka wayi gari aka fasa ƙofa aka tarar da iyali gaba ɗaya sun cika, don kawai an shigar da inji cikin lungu saboda tsoron ɓarayi? Akan ce ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma sakaci ma yana da sunansa.

DAGA TUKUNYA ZUWA GONAR GIDA

Ɗan Arewa mazaunin Kudu ya fi kowa sanin abin da ake nufi da lalacewar ƙasa, domin da yawa ita ce ta koro su. Dattawan Sabo suna tune da farin 1972 zuwa 1974, wanda ya karkashe dabbobi ya tarwatsa garuruwa, suna kuma tune da na 1983 da 1984. Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, ya tsuke ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma na girmansa kafin shekarun 1980 su ƙare, masunta da manoma da makiyaya suka watse. Jihohi goma sha ɗaya ne hukuma ta lissafa a bakin hamada: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. A duba 'yan ga-ruwa da 'yan acaba da masu gadi da masu wankin takalma da suka cika titunan Kudu, a tambaye su garuruwansu, za a ji sunayen waɗannan jihohi ne suna ta maimaituwa.

Gaskiya ɗaya ce, ba murhu kaɗai ne ke cinye daji ba. Akwai faɗaɗa gonaki, akwai kiwo, akwai masu yankan katako, akwai kuma sauyin yanayin da ya game duniya. Amma murhu yana cikin manyan masu laifi, kuma shi ne wanda hannun kowane magidanci ke iya kaiwa gare shi yau ɗin nan. Kano da Kaduna da Sakkwato suna cinye dajin da ke kewaye da su, Ikko da Badun suna cinye na tsakiyar ƙasa. Idan Arewa ta tsiraita daga sama, tsakiya ta tsiraita daga ƙasa, ina makiyayi zai nufa da shanunsa? Sai gonar wani. Daga nan sai rigima, kuma idan rigima ta tashi, kowa ya san wanda akan fara nuna wa yatsa a garuruwan Kudu: baƙon da ke Sabo, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin nan na dasa katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, Nijeriya kuma ta kafa hukumarta ta wannan aiki a 2015. Shiri ne mai kyau. Amma mai dasa icce da hannun dama yana sare goma da hannun hagu, ɗiban ruwa yake yi da kwando.

MASU ƘONA DUKIYA A SARARI

To, kada a ɗauka laifin duk na talaka ne. Babban laifi yana wuyan waɗanda suka riƙe ragamar ƙasa, soja da farar hula, tun daga ranar da aka haƙo mai a Oloibiri a 1956. Allah Ya hore wa Nijeriya iskar gas fiye da kowace ƙasa a Afirka, sama da ƙafa tiriliyan 200 a ma'aunin masana. Amma duk wanda ya bi ta yankin Neja Delta da dare ya ga harsunan wuta suna lasar sama ba dare ba rana. Iskar gas ce da ke fitowa tare da ɗanyen mai ake ƙonewa don an ga tara ta ɗawainiya ce.

A 1979 aka yi doka, aka ce daga ranar 1 ga Janairu 1984 ba wanda zai sake ƙona gas sai da izini na musamman. Ranar ta zo ta wuce. Aka sa wata rana, ita ma ta wuce, aka sake sa wata. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Binin ta yanke hukunci cewa wannan ƙone-ƙone tauye haƙƙin rayuwar jama'ar yankin ne, amma wutar ba ta mutu ba. Shekara da shekaru Bankin Duniya yana lissafa Nijeriya cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a banza. Tun 1999 kuma jiragen ruwa ke lodin gas a Bonny suna kai wa ƙasashen Turai da Asiya, alhali kuwa matar da ke Diobu a Fatakwal, wadda hasken waccan wuta ke iske ta har ɗaki, fifita gawayi take yi da murfin kwano. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Alkawura kam ba a rasa su ba. A 2021 an yi shelar shekaru goma na bunƙasa gas, an sa hannu kan dokar sauyin yanayi, an kuma je taron duniya na Glasgow an yi alkawarin daidaita hayaƙin ƙasar nan kafin 2060. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsabta. Takardu sun yi kyau ƙwarai. Sai dai takarda ba ta dafa wake. Abin da za a auna gwamnati da shi shi ne mata nawa suka rabu da hayaƙi, ba taro nawa aka yi a otal mai sanyi ba, inda injin dizal ke ruri a baya ana wa'azin muhalli a gaba.

GIDAN HAYA KO TANDA?

A koma kan lantarki. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana rarraba abin da yawanci bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. An sauya suna daga NEPA zuwa PHCN a 2005, an sayar wa 'yan kasuwa a 2013, duhu dai bai sauya suna ba. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin farko daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 kowane ma'auni. Fetur ɗin da injin gida ke sha, wanda bai kai Naira 200 ba kafin janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, ya haura Naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. A irin wannan hali, ɓarnatar da wuta ba ƙaramar wauta ba ce.

Ga wani ɗan lissafi da ko ɗan firamare zai iya bi. Tsohon ƙwan lantarki mai zare, mai ƙarfin wat 60, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake mayar da ita, ba haske ba. Idan ya yi awa shida kullum, a wata zai ci ma'auni 10.8. Sabon ƙwai na zamani mai wat 9, wanda haskensa ya yi daidai da na wancan, ma'auni 1.6 kacal zai ci. A farashin Naira 225, na farko ya lashe Naira 2,430, na biyu kuwa bai kai Naira 370 ba. A gida mai ɗaki ashirin, bambancin ya haura Naira 40,000 a wata, daga ƙwai kawai, ba a zo kan hitar dafa ruwa da dutsen guga da tsohon firjin gwanjo da Turawa suka yar ba.

To me ya hana kowa ya sauya? A nan ne ake ganin hannun masu cin moriyar ɓarna. A 2024 fiye da rabin masu hulɗa da kamfanonin rarraba wuta ba su da mita. Kuɗin ƙiyasi ake yanka musu, ko sun kunna ko ba su kunna ba. Mutumin da zai biya abu ɗaya ko ya yi tattali ko ya yi almubazzaranci, da wane baki za a ce masa ya kashe ƙwai da rana? Inda kuma akwai mita, sau da yawa ɗaya ce tal ga gida duka, mai gida ko wakilinsa ya raba kuɗi bisa kai. Mai ƙwai ɗaya da rediyo yana biya wa mai firji biyu da hita. Wannan tsari horo ne ga mai tattali, lada ne ga mai ɓarna.

Daɗin daɗawa ga ginin kansa. Bulo mai rami, rufin kwano ba silin, taga ɗaya kamar ta kurkuku, ba bishiya ko ɗaya a harabar gida domin an cike ko'ina da ɗakuna saboda kwaɗayin kuɗin haya. Da azahar ɗaki ya zama tanda, da dare bango ya riƙa amayar da zafin da ya sha. Dole a nemi fanka, fanka ta nemi wuta, wuta ba ta nan sai inji, inji kuma sai fetur. Mai gida ya tsimi kuɗin silin sau ɗaya, ɗan haya ya yi ta biya kowane dare har ranar da zai tashi. Ma'aikatar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi a 2017. A zaga Mushin ko Ajegunle a nemo gidan haya ɗaya da aka gina bisa wannan ƙa'ida.

Abin takaici, magina na dā sun fi na yau sanin wannan ilmi. Soron ƙasa na Kano da Zariya, mai kaurin bango na tubali da rufin azara, yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu, ba tare da ya ci ko kwabo na wuta ba. Ba wanda ya ce a kwaso soro a kai Ikko mai ruwan sama. Amma hikimar da ke ciki, watau inuwa da kauri da mashigar iska, ba ta da ƙabila.

AMSA GA MASU CEWA BA LAIFIN AFIRKA BA NE

Wasu za su ce ai nahiyar Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, don me za a matsa wa mai shayin Obalende alhali manyan masana'antun Amurka da Sin da Turai ne suka ɓata sama? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma bashin da ke kan ƙasashe masu arziki bashi ne da ya wajaba a yi ta bin su har su biya. Amma hayaƙin da ke cikin ɗaki a Agege ba huhun Ba'amurke yake shiga ba. Kaɗanyar da aka sare a Neja ba ta Bature ba ce. Kuɗin da ke ƙonewa a kurfoti ba daga baitulmalin Ingila ya fito ba. Mutumin da ya ƙi ɗinke aljihunsa don wai wani ya fi shi zubar da kuɗi, kansa ya yi wa.

Wasu kuma za su ce talaka ba shi da kuɗin sayen sabon murhu. Ita ma gaskiya ce, amma rabinta. Talaka yana biyan kuɗin murhun nan kullum, a wurin mai gawayi, ba tare da ya mallake shi ba.

ABIN DA KE HANNU

Maganin ba daga wata duniya zai zo ba. Tun farkon shekarun 1980 mutanen Kenya suka ƙera kurfoti mai shafen yumɓu a ciki, wanda ke tsare zafi ya rage cin gawayi da kwata ko fiye, kuma irinsa ya bazu har Ghana. Ba abin da zai gagari maƙeran Sabo da magina tukwane a cikinsa. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera ingantattun murahu da na'urorin girki da hasken rana. Akwai murhun ƙarfe mai suna Save80, wanda aka soma rarrabawa daga Kaduna, daga baya aka kafa masana'antarsa a Kano, wanda da 'yan ƙirare yake dafa abin da murhun duwatsu ke cinye dami a kansa. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ya adana tumatir da alayyafo kwanaki ba lantarki, har duniya ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabararsa ta fi aiki a busasshiyar iskar Arewa fiye da laimar bakin teku, amma ta isa hujja cewa tattali ba baƙon abu ba ne da aka sauke daga jirgi.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar ko sisi. Tukunyar da aka rufe ta fi buɗaɗɗiya saurin tafasa. Waken da aka jiƙa tun dare bai kai busasshe cin wuta ba. Busasshen itace ya fi ɗanye zafi da ƙarancin hayaƙi. Murhun da aka kare daga iska da ɗan bulo ko langa-langa ya fi na fili. Shinkafa ko wake in sun tafasa sosai, a sauke a naɗe tukunyar da tsumma mai kauri a cikin kwando, za su ƙarasa nuna da zafin jikinsu. Garwashin da ya rage a binne shi da toka ko yashi, gobe ya yi aiki. A yanka kayan miya a gama shiri kafin a hura wuta, ba wuta na ci ana neman wuƙa ba. Kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, kada a shigar da inji lungu ko da ɓarayi sun kai dubu. Mai shayi da mai tsire da mai tuwo-tuwo, waɗanda wutarsu ba ta mutuwa, su ne za su fi kowa ganin riba.

Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matan da ke adashin kayan ɗaki da na biki za su iya adashin murhu ko na tukunyar gas ko na ɗan farantin hasken rana mai cajin waya da kunna ƙwai biyu. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni irin su Mil 12 da Bodija da Shasha, da ƙungiyoyin mahauta da direbobi, suna da bakin da za su sayo kaya a sari su raba wa jama'a biya kaɗan-kaɗan. 'Yan haya su haɗa kai su nemi kowane ɗaki ya sami ƙaramar mitarsa. Mai aika kuɗi gida kuma, ranar da zai aika da turmin atamfa ya haɗa wa tsohuwarsa da murhun da zai rage mata tafiyar neman icce, wadda a wasu yankunan ta zama tafiyar sai-wanda-ya-dawo saboda 'yan bindiga.

ABIN DA YA WAJABA A KAN HUKUMA

Na farko, a kashe wutar da ke ci a sararin Neja Delta, a mayar da ita tukunyar talaka a farashin da zai iya. Gas ma ba tsarkakakke ba ne, amma ya fi gawayi sauƙi ga huhu da daji nesa ba kusa ba. Na biyu, a ba kowane gida mita, a daina yanka wa mutane kuɗin wutar da ba su sha ba. Na uku, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta tsaya a tashoshin jiragen ruwa da kasuwanni irin su Alaba, ta hana shigo da jabun ƙwai da batir da faranti waɗanda ke mutuwa cikin mako biyu, domin su ne ke sa talaka ya yanke ƙauna daga sabon abu. Na huɗu, gwamnatocin jihohi su daina ba da izinin ginin haya marar silin da isasshiyar taga. Na biyar, duk jihar da ke karɓar haraji daga motocin gawayi ta nuna wa jama'a itatuwan da ta dasa da kuɗin. Korar mai ƙunar gawayi da bulala ba tare da an samar masa wata sana'a ba, an kuma samar wa mai saye wani abin girki, ihu ne bayan hari.

Ɗan cirani ya bar garinsu ne da niyyar ya tara abin da zai koma da shi. Abin tambaya shi ne, idan ranar komawar ta zo, me zai tarar? Gona mai inuwar gawo da ɗorawa, ko fako da rairayi? Wani ɓangare na amsar yana Abuja, kuma wajibi ne a yi ta ƙwanƙwasa ƙofar har a buɗe. Wani ɓangaren kuwa yana nan bakin ƙofar ɗaki, ƙarƙashin tukunyar da za a ɗora gobe da asuba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.